Yadda za ku kafa ɗakin tarihi a ƙauyenku tun kafin gara ta riga ku

Gara ce ta sa ni wannan aikin, ba wani karatun tarihi na yi ba, ni malamin firamare ne kawai a wani ƙauye nan ƙasar Ringim. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, yana da wata gafaka da yake ratayewa a turakarsa, tun muna yara an ja mana kunne kar wanda ya taɓa, to da ya rasu sai aka sauke ta aka jefa cikin tsohuwar adaka aka tura ƙarƙashin gado a ɗakin da ba mai kwana, shekara shida ba wanda ya waiwaye ta har da ni mai wannan surutun. Ranar da za a yi wa ɗakin yaɓe na jawo adakar na ɗaga murfi, wallahi ƙasa ce ta zubo min a ƙafa. Abin da ya tsira bai fi warƙa goma sha biyu ba, a ciki akwai rabin wasiƙa da ajami, wani yana gaya wa kakan namu cewa raƙuma sun iso lafiya amma gishirin... shikenan, sauran zancen yana cikin gara. Har yau ban san wa ya rubuto ba, ban san me ya sami gishirin ba.

Daga nan muka fara ɗan ɗakin tarihi a garinmu, yanzu shekara uku kenan, kuma tunda ana yawan tambayata ta ina aka fara, me aka kashe, bari in zayyana yadda muka yi har da inda muka yi tuntuɓe.

Maganar farko da za a tare ku da ita, ai gidan tarihi na gwamnati ne, irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, mu mutanen ƙauye me muke da shi. Ni abin da ya cire min wannan tunanin labarin baƙaƙen fatar Amurka ne. Mutanen nan an kwashe kakanninsu daga nan Afirka, an raba su da sunansu da yarensu, makarantun Turawan kuma ba sa koyar da komai a kansu sai dai a ce bayi ne. Akwai wani Arturo Schomburg, haifaffen tsibirin Poto Riko a 1874, ana ba da labarin wai tun yana ɗan firamare malaminsu ya ce masa baƙar fata ba su da tarihi. Bawan Allah nan ma'aikacin banki ne a birnin Niyok, ba furofesa ba, da albashinsa ya dinga bin shagunan tsofaffin littattafai yana sayen duk abin da baƙar fata ya rubuta ko aka rubuta a kansa yana tarawa a gida, har a 1926 aka sayi tarin nasa dala 10,000 aka zuba a laburaren unguwar Harlem, yau wurin sunansa yake amsawa kuma abin da ke ciki ya haura miliyan 10. A Shikago kuma wata malamar makaranta ce, Margaret Burroughs, ita da mijinta suka buɗe nasu a cikin gidan da suke kwana a 1961, shi ne ya zama gidan tarihin DuSable. Babban gidan tarihin baƙar fata na gwamnatin tarayya da ke Washinton sai 2016 aka buɗe shi. Kaga da sun zauna jiran gwamnati da tuni masu labarin sun mutu, takardun sun bi bola. To mu da ko tekun ba a tsallaka da mu ba, ga kabarin kakanninmu nan a bayan gari, me za mu ce.

Kar ku fara da gini, kar ku fara da neman tallafi. Ku fara da gaisuwa. Ku je wajen dagaci ku zube ku ce ranka ya daɗe ga abin da muke tafe da shi, daga nan sai liman, Allah ya gafarta Malam muna neman albarka, don in waɗannan biyun ba su sani ba to duk gidan da kuka shiga da waya a hannu za a ɗauka ko ƴan rijistar tallafi ne ko kuma ƴan leƙen asiri. Sannan ku haɗa mutum biyar zuwa bakwai, kar su wuce haka. Dole a samu mai karanta ajami da Larabci sosai, dole a samu yaro mai hannu a waya, kuma dole dole a samu mace, ba ta cika lissafi ba, wadda za ta shiga ɗakin tsofaffi mata ta zauna a bakin gado. Mu malamar Islamiyya muka samu da wata ungozoma, kuma rabin abin kirkin da muke da shi su suka kawo. In akwai rugar Fulani kusa a je wa arɗo. Ɗan siyasa kuwa in ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma kar a sa shi a kwamiti kuma kar a manna fastarsa a bango, in ba haka ba ranar da jam'iyya ta faɗi rabin gari sun daina shigowa.

Abu na gaba, kuma shi ya fi komai gaggawa, muryar tsofaffi. Akushi zai jira ku, tsohuwa mai shekara casa'in ba za ta jira ba. Ku zauna ku rubuta sunan duk wanda ya haura saba'in da biyar a garin, ku fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi jin jiki. Mun yi wannan kuskuren, muka ce bari a gama girbi tukuna mu je wa wani tsohon maƙeri, kafin a ɗaure dawa an kai shi makwancinsa.

Yadda ake ɗaukar maganar ba wuya amma akwai ƴan dabaru. A cika waya da caji, a sa ta a alamar jirgin nan don kar kira ya shigo ya katse, a ajiye ta kan matashi kusa da bakin mai magana ba a hannu ba, a kori kaji da yara in za su koru, in injin niƙa na kusa a jira ya tsaya. Da hantsi ya fi, ko bayan la'asar, ban da ranar kasuwa. Kafin komai ka faɗi ranar da wurin da sunan wanda za ka yi hira da shi, sannan ka tambaye shi a cikin rikodin ɗin, Baba ka yarda a ɗauka, ka yarda a ji a gari ko a ajiye kawai. Kar a wuce awa ɗaya, gara ka dawo sau uku, don sai a zuwa na biyu ma tsoho ke sakin jiki. Ka tafi da goro ko sabulu ko ɗan sukari, amma kar ka mayar da abin ciniki, in aka ji ana biyan kuɗi gobe za ka ga masu ƙirƙirar labari a ƙofar gidanka.

Kar ka tambayi tsoho shekara, zai ce maka oho. Ka tambaye shi da abin da ya faru. Inna, da aka kawo ki garin nan wa ke riƙe da gari? Baba, da aka kashe Sardauna ka yi aure ko da saura? To kai ka san Janairun 1966 kenan. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956, murabus ɗin Sarkin Kano Sanusi 1963, canjin hannu a titi 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira 1973 wanda kuma ya haɗu da babban farin nan, kisan Murtala 1976, yanke Jigawa daga Kano 1991. Ka rubuta su a kwali ka sa a aljihu. Sannan akwai abin da su ma ji suka yi daga iyayensu, yunwar Kakalaba ta wajen 1914, basasar Kano ta Tukurawa da Yusufawa daga 1893, shigar Nasara Kano 1903, yaƙin Haɗeja 1906 da Sarki Muhammadu ya yi shahada, shimfiɗa layin dogo da ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. In ya ba ka irin wannan ka tambaye shi wa ya gaya masa, ka rubuta, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Kuma don Allah kar ka gyara wa tsoho zance ko ka san ya yi kuskure, ka bar shi ya ƙarasa, ka je ka ji ta bakin wani. Kar kuma a tsaya kan sarauta kaɗai, wane ya gaji wane. Ka tambayi yadda ake kaɗi da saƙa, waƙar daɓe, waƙar niƙa, me ake ci in rumbu ya ƙare, ina aka bi aka je Hajji a ƙasa, nawa ne sadakinta, wace rijiya aka fara haƙawa.

Wanda ke tambayar ma yana canza amsar. A Amurka tsakanin 1936 da 1938 gwamnati ta tura ma'aikata suka yi hira da tsofaffin da aka haifa cikin bauta, sama da mutum 2,300, aiki ne babba har yau ana cin moriyarsa, amma galibin masu tambayar farar fata ne kuma a jihohin da aka yi bautar, to kai ma ka san tsoho ba zai buɗe cikinsa gaba ɗaya a gaban jikan ubangidansa ba. Haka yake a nan. In ɗan gidan dagaci ne ya je tambayar mahauci ko wanzami ko majemi, yabon sarauta kawai zai kwaso ya dawo. A tura nasu. Mace ta je wa mace, ɗan ruga ya je ruga da Fulatanci.

Yanzu ga inda ƙaya take, maganar asali. Mu ma nan an yi bauta, ba sai Amurka ba, akwai gandayen sarki irin na Fanisau, akwai rinji wato ƙauyen bayi, akwai murgu wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa, da fansa, akwai cucanawa wato ƴaƴan bayi da aka haifa a gidan ubangida, kuma sai 1936 aka yi dokar da ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa, wato kakan wani da ke raye yau ya gani da idonsa. Duk garin da kuka ji ana ce wa wata unguwa Rinji ko Gandu akwai zance a ƙasa. Wasu za su ce a bar kaza cikin gashinta. Ni ban yarda a share ba, don mutanen nan su suka noma ƙasar, su suka haƙa ganuwa, tarihin da babu su rabin tarihi ne, haka ma na Maguzawa da aka tarar a wurin. Amma fa na ɗanɗana kuɗata. A shekarar farko na kunna wata hira a bainar jama'a ban saurara ba tukuna, ashe can tsakiya tsohon ya kama sunan wani gida ya ce kakansu sayo shi aka yi, kuma a lokacin ana maganar auren ƴar gidan. Sai da liman da dagaci suka shiga tsakani, na yi sati biyu ina zaryar ban haƙuri, kuma har yau akwai wanda ciki-ciki yake amsa min gaisuwa. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, ni ne kazar. Daga ranar muka sa doka. Ba a kunna komai sai mutum biyu na kwamiti sun saurara daga farko har ƙarshe. Duk inda aka kama sunan gida a maganar bauta, ko cikin shege, ko maita, ko rigimar gona, wannan rikodin ɗin ya shiga akwatin kulle, ba a goge shi ba kuma ba a fitar da shi. Yadda aka yi bautar, me ake ci, yaya ake fansar kai, wannan ana koya wa yara ba tare da sunan kowa ba. In ƴan gidan da kansu suka zo suka ce a faɗa, to bakinsu ne. Kuma an samu wanda ya zo, wani dattijo ya ce a rubuta kakansa da guminsa ya fanshi kansa ya kafa gidan da ya fi kowanne hatsi a unguwar, shi bai ga abin kunya ba.

Duk rikodin a yi masa kwafi uku, ɗaya a memori, ɗaya a fulash a wani gida daban, ɗaya a tura wa ɗan gari da ke Kano ko Dutse ya ajiye a kwamfuta ko intanet. Kar a dogara da WhatsApp, waya ɗaya ta faɗa rijiya an gama. A sa wa kowanne lamba, a rubuta lambar a littafin rijista da taƙaitaccen abin da ke ciki.

Sai takardu. Mutane za su ce ba su da komai, ka ce a buɗe adaka a gani. Za ka tarar da takardar haraji da ta jangali, takardar cinikin gona da hatimin alƙali, katin sayar da gyaɗa, tsohon fasfo na Makka, wasiƙun ƴan ci-rani, hoton soja, kundin malam, Alƙur'ani rubutun hannu, waƙoƙin wa'azi da ajami. Kar ku raina ko guntu ne. A Bahiya ta ƙasar Birazil inda Hausawa bayi suka sha tayar da ƙayar baya tun 1807, ƴan guntayen takardu masu rubutun Larabci da aka samu a jikin waɗanda suka yi boren 1835 suna nan a ajiye a ma'ajiyar gwamnati, da su ake shaida cewa mutanen nan da karatunsu aka kama su. Guntun takarda kenan fa.

Abin da ba a yi wa tsohuwar takarda: ba a yi mata laminatin, zafi da roba ne, in ta shiga ba ta fitowa kuma a hankali take cinye ta. Ba a liƙa mata salatif, bayan ƴan shekaru zai bar tabo ruwan ƙasa ya ɓamɓare da rubutun. Ba a rubutu a kai da biro, in dole ne fensir, a gefe can ƙasa. Ba a lasar yatsa a buɗa, tawadarmu ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa kaɗan ya taɓa ta ta narke. A wanke hannu a bushe sosai. Littattafanmu na da ba ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, to kar wani mai son tsafta ya ce zai jera, a bar su yadda aka same su, mai ajami zai duba kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake gane jeri. Hoto kuma a inuwa ake ɗauka da safe, a shimfiɗa baƙin yadi, ban da filasha, waya ta kalli takardar sak daga sama, gaba da baya har da shafin da ba komai. Shafin ƙarshe ku kula da shi, nan marubuci kan sa sunansa da na malaminsa wani lokacin har da ranar gamawa.

Kuma ba lallai ku karɓe takardun mutane ba. Mu yawanci hoto muke ɗauka mu mayar wa mai abu, mu ba shi farin kwali ya naɗe, mu nuna masa ya ɗaga daga ƙasa. Kundin malam in ya ce asiri ne ba a ɗauka, a bar masa, a rubuta dai cewa akwai shi a gidan wane. A Tambutu ma ai iyalai ne suka riƙe littattafan ɗaruruwan shekaru a gidajensu, kuma da masu bindiga suka kama garin a 2012 mutanen gari ne suka dinga zuba su a akwatunan ƙarfe suna fitarwa a ɓoye ta mota da kwalekwale zuwa Bamako, waɗanda aka ƙona a cibiyar Ahmad Baba a farkon 2013 kaɗan ne a kan waɗanda suka tsira. Da duk wuri ɗaya aka tara su da labarin ya sha bamban.

Kayan hannu ba sai na daɗe a kai ba, su ne ma suka fi saurin taruwa: akushi, ƙoshiya, mazari da tasa, allon masaƙa, zugazugi, tandu, kuge, wuri, anini da kobo mai huda, tsohuwar galma, saƙi da gwado. Abu ɗaya dai, duk abin da ya shigo a rubuta wa ya kawo, na waye asali, me ake yi da shi, kuma kyauta ce ko aro, mai abu ya sa hannu ko ya dangwala, a ba shi rasit. In ba haka ba ranar da ya mutu magada za su zo su ce kun cinye. Akushin da ba a san na waye ba itace ne kawai. Masu yawo a babur suna sayen kayan da kuma ku gargaɗi tsofaffi a kansu, dokar ƙasa ma ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba.

Ɗakin kansa, mu wani tsohon shago ne a jikin gidan dagaci aka ba mu. Ku duba tudu, wannan ya fi komai a ƙasarmu, duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Haɗeja ba sai an yi masa bayani ba. Daɓen siminti, rufin da ba ya yoyo, taga biyu masu raga don iska ta ratsa, kanta ta ƙarfe a janye ta daga bango kamar taƙi ɗaya don a riƙa ganin hanyar gara, kuma kar a ajiye komai a ƙasa ko na kwana ɗaya ne. Takarda a akwatin ƙarfe, akwatin a kan kanta. Kar a ƙulle takarda ko fata a leda da damina, gumi take yi ta yi funfuna. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle a tsumma a ajiye a kusurwar akwati yana rage ƙwari, amma kar ya taɓa takardar. Ba a cin abinci a ciki saboda ɓera da kyankyaso. Da hunturu a rufe kaya da farin yadi.

To amma ga abin da na fi so ku ji. In kuka jera kaya kuka kulle kuna jiran baƙi daga birni, wata uku ya yi yawa kowa ya manta, gara ta dawo aikinta. Ɗakin sai yana yi wa masu rai amfani. A wata unguwar baƙar fata a Washinton da ake kira Anacostia an buɗe ƙaramin gidan tarihi a tsohuwar silima a 1967, ka san me suka baje a 1969? Ɓeraye. Har da masu rai a keji, saboda abin da ya addabi unguwar kenan, ana nuna wa mutane yadda suke yaɗuwa da yadda za a yi maganinsu. Da na karanta sai da na yi dariya, daga baya na ga ai gaskiyarsu. Mu sai muka sa ƙaramar sola, ana cajin waya a biya ɗan abin da ba a rasa ba, da shi muke sayen memori da kwali, kuma mai jiran caji dole idonsa ya faɗa kan bango ya yi tambaya. Da daddare ƴan JAMB da WAEC na karatu a ƙarƙashin fitilar. Ran Alhamis da yamma, tunda ba makarantar allo, wata tsohuwa kan zo ta yi wa yara tatsuniya, wani lokacin ta koya wa ƴan mata kaɗi. Muna ajiye wa mutane hoton takardun gonarsu da na haihuwa kyauta, kuma da ruwa ya ci wasu gidaje nan suka zo aka fitar musu. Mun zagaya da tsofaffin manoma da arɗo mun zana taswirar gari a babban kwali, ina burtali ya bi a da, ina mashaya, ina ruwa ya tsaya a kowace babbar ambaliya, kuma na ga an zo an duba ta kafin a yanka wa wani fili. Sai dai ku faɗa tun wuri, ɗakin tarihi ba kotu ba ne, ba ma ba da shaida a rigimar gado, mai so ya zo ya duba da idonsa. Sannan muna da kwalabe na irin da, kaura, farafara, maiwa, zango, waken gida, duk shekara wani ya karɓa ya shuka ya dawo da sabo, don iri in ya daɗe a kwalba mutuwa yake.

In ƙafarku ta yi ƙarfi ku leƙa waje. A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta gunduma-gunduma lokacin tsara haraji, da sunayen ƙauyuka da yawan mutane da sana'o'insu, ku tafi da takardar gabatarwa da sunan gundumarku na da, don sunaye sun canza. Ku karanta da lura fa, mai karɓar haraji ne ya rubuta, kuma mutane na ɓoye masa shanu da ƴaƴa. Gidan Arewa ma yana nan Kaduna tun 1970 da tarin rubuce-rubucen hannu. A Kano ma'aikatan Gidan Makama da na hukumar tarihi da al'adu za su iya nuna muku yadda ake kula da kaya. Yara kuma a haɗa kuɗin mota a kai su Birnin Kudu su ga zanen shanun da ke jikin duwatsu, su san tun zamanin da can akwai masu ajiye labari a ƙasar nan.

Ku tsayar da rana ɗaya a shekara. Carter Woodson, wani masanin tarihi baƙar fata a Amurka, ya fara bikin tuna tarihinsu da mako guda ne a Fabrairun 1926, sai 1976 ya zama watan tarihin baƙar fata da ake yi yanzu. Mu mun ɗauki kwana na uku bayan Babbar Sallah saboda ƴan birni duk suna gida kuma aljihunsu bai gama hucewa ba. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar fada, a kunna hirar waɗanda suka rasu a cikin shekarar, wadda aka tace, a yi musu addu'a, mata na jin tasu a cikin gida da lasifika daban. A ranar ake karanta lissafin kuɗi a fili, abin da ya shigo da abin da ya fita har na kwalin ashana. Manoma kuma da kaka kowa mudu ɗaya, ba a tilasta wa kowa.

Makulli a yi guda biyu, kar ya zauna hannun mutum ɗaya, kar kuma ya zama ni ko kai ne kaɗai muka san lambar fulash da inda rijista take, ku ɗauki yara biyu ƴan sakandare, mace da namiji, ku koya musu komai har su iya ba ku nan. Sannan a sa wanda zai riƙa shiga duk Juma'a bayan an sauko, ya ja kanta ya leƙa bayanta da tocila, ya buɗe akwati ya shinshina, in ya ji warin damshi a fito da kaya a baza a inuwa su sha iska, ba a rana ba. Daga watan Yuli zuwa Satumba kuma sau biyu a sati.